Darbejiyar da Ta Tare wa Katafilar Baba Hanya

Masu turo min saƙo kuna tambayar an sa rana ko ba a sa ba, duk na gani, Allah ya bar zumunci. Ba a sa ba. Kuma kafin wata ta sake rubuto min cewa in bincika ko da hannun maƙiya a ciki, gara in fito muku a mutum: abin da ya tsaya tsakanina da aure ba mutum ba ne, ba aljani ba ne. Katafila ce. Tsohuwar katafila ruwan ɗorawa mai tafiya a kan sarƙa, wadda rabonta da tashi tun ina ajin farko a jami'a.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Suhaila, shekarata ashirin da bakwai. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taho daga Kano ta Sudan, ya yi Hajji ya zauna. Ina aiki a wani kantin magani a Aziziyya. Wanda nake so sunansa Marwan, injiniya ne, ɗan Hausawa irina, sai dai in ya fara Hausa sai ka tausaya wa Hausar. Wata goma sha huɗu ke nan da kawunnansa suka zo gidanmu neman izini. Aka zuba gahawa, aka ci dabino, Baba ya yabi gidansu tun daga kan kakanni, sannan ya gyara zama ya ce, "Na ba ku. Amma ku ɗan saurara min in rabu da katafilar nan tukuna. Ba na son haɗa hidima biyu a kaina."

Kawunnan suka ce ai wannan ba komai ba ne, sati nawa ne. Da sun san waye Alhaji Abdulrazak, da ba su yi saurin amsawa ba.

Shekara talatin Baba ya yi a kan katafilar nan yana baje ƙasa a Arfa da Muzdalifa kafin zuwan alhazai. Da kamfanin ya rufe, mai shi ya bar masa ita kyauta. Ya ɗan ci gaba da aiki da ita har ciwon suga ya sa ya ajiye. Tun daga nan take zaune a wani hoshi, wato fili mai katanga, a ƙarshen wani lungu a bayan Aziziyya. Duk Alhamis bayan la'asar ni nake kai shi a motata ya duba ta. Ni nake cika jarkoki biyu da ruwa, ni nake kinkimarsu daga hawa na biyu zuwa mota, ni nake sauke masa su a bakin ƙofar hoshin, domin ya ce in lagireto ya bushe tsagewa yake yi. Daga nan sai in koma mota in kunna sanyi in kama wayata. Me zan shiga in gani? Tsatsa?

Shekara guda Baba yana cewa ya ba abokansa cigiyar mai saye. Ni kuma ina haƙuri, ana ce min haƙuri maganin zaman duniya, har na fara jin maganin yana hawa min kai. Sai ga shi wurin aikin Marwan sun ce za su mayar da shi Tabuk a ƙarshen Shawwal. Mai takardar aure suna ba shi gidan iyali, marar ita kuma ɗakin gwauraye har shekara biyu. Mahaifiyarsa, Khala Tahani, ta zo gidanmu da kanta, ta zauna a majalisi ko abayarta ba ta cire ba, ta ce wa Umma, "Ramlatu, ni ba na son dogon zance. A yi milka kafin ya tafi, ko kuwa kowa ya kama gabansa." Milka ita ce ɗaurin aure a nan. Shayin da na kawo mata ko kurɓa ba ta yi ba.

Ranar na ce wa Baba ni zan saka tallar katafilar a intanet.

Yana kishingiɗe a kan kilishin majalisi da farar singileti da zanen gida, carbi a hannu. Na zauna a gefensa da waya.

"Rubuta," in ji shi. "Katafila ta sayarwa. Ba ta tashi."

"Baba, da wannan za mu fara?"

"Da me za mu fara? Da ƙarya? Rubuta. Batir ya mutu. Famfon mai yana yoyo. Sarƙar hagu ta saki, kuma haƙora uku sun karye a jikin ƙafar da ke janta."

"Ai sai a ce tana buƙatar ɗan gyara, in mutum ya zo ya gani da idonsa."

"Ɗan gyara? Ke kin san nawa ne nauyin sarƙa ɗaya? Rubuta. Giyar baya tana shiga ne in ta ga dama. Kujera kuma kyanwa ta haihu a kai sau biyu."

Na ajiye wayar a cinya. "Baba, wannan talla ce ko sanarwar rasuwa?"

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ki ƙara da cewa mai ita ma giyarsa ta gaba ba ta shiga."

Bai ko kalle ta ba. Ya ce, "Duk wanda ya ɓoye aibin kayansa, albarka ta fita daga cinikinsa. Ni ba a taɓa kama ni da wannan ba, ba kuma za a fara a kan tsufana ba."

Haka na tura ta, har da kyanwar. Jama'a, in kuna son ku san Allah ya yi mutane iri-iri, ku saka lambarku a talla. Wayata ta koma kamar ta mai sayar da gas. Ina tsaye ina ba wata tsohuwa maganin hawan jini, saƙo yana shigowa: "Akhir kam?", wato nawa ne ƙarshe, babu sallama babu gaisuwa. Wani ya ce zai ba da raƙuma biyu da tsohuwar motar ɗaukar ruwa. Wani ya ce shi cebur ɗin gaba kawai yake so. Wani kuma da ya ji muryata sai ya manta da katafila ya koma tambayar ko ina da aure, na ce masa ai matsalar ke nan, na toshe shi.

Waɗanda suka zo da gaske kuwa Baba ne ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ɗan gwangwan ne, ya ce yanka ta zai yi ya auna. Baba ya ce ba ragon layya ba ce. Na biyu ya kira ta tarkace a gabansa. Na uku, wallahi ba ƙari nake yi ba, laifinsa shi ne ya hau kanta da ƙafar hagu.

Kullum da yamma Marwan yana rubuto min, "Ha, ya Suhaila? Akwai labari?" Ni kuma ina mayar masa da hoton fuskar nan mai hayaƙi a hanci.

Sai Allah ya kawo Abu Rakan. Dattijo ne manomi daga wajen Ɗa'ifa, yana da irinta sak a gonarsa, ya san ciwonta ya san maganinta. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi lafiyar Baba da ta iyali, ya ce tallar ce ma ta ja shi, domin bai taɓa ganin mai sayarwa ya faɗi gaskiya haka ba. Ya ce zai gyara ta ta koma aiki a kan duwatsu. Na sa wayar a lasifika ina kallon fuskar Baba yana laluben laifi, ya rasa. Suka daidaita a kan farashi. Aka tsayar da Asabar da safe, zai zo da babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya a ja ta a ɗora.

Umma ta rangaɗa guɗa a kicin har maƙwabta suka bugo suna tambayar ko an sa rana.

Asabar tun bayan asuba nake gaban madubi, domin Marwan ya ce zai zo ya taimaka. Na ɗauko baƙar abaya, Umma ta ƙwace. "Makoki za ki? Sa mai ruwan toka ɗin nan mai aiki a hannu." Ta turara min ita da turaren wuta har sai da na yi tari, ta gyara min ɗaurin mayafi, ta ce kada in tsaya a rana fuskata ta yi maiƙo. Wai duk don a je ɗaukar katafila. Baba kuma ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ƙi cin gurasar tamis da wake, shayi kawai ya sha.

Mun tarar da su a bakin lungu: Abu Rakan da jan rawaninsa, direbansa, da Marwan sanye da farar riga ƙal kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya gaida Baba, ya sumbaci kansa, ni kuma ya saci kallona sau ɗaya ya mayar da ido ƙasa. Baba ya miƙa masa makulli ya ce ya buɗe.

Rabona da shiga hoshin nan ya fi shekara. Ga katafila can ƙurya, bayanta manne da katanga, gefe da gefe katanga, hanyar fitarta ɗaya ce tak, gaba. A gaban kuwa, daidai tsakanin cebur da hancin inji, darbejiya ce tsaye, koriya shar, ta fi rufin katafilar tsawo, kaurinta ya kai damtsena. Har inuwa take yi wa kujerar kyanwa.

Direban ya ce wannan ai aikin minti biyu ne, ya juya zai ɗauko zarto a mota.

"La! A'a!" in ji Baba. "Nan Harami ne."

Ku da kuke Kano ko Zinder wataƙila ku ce bishiya ce fa kawai. To a Makka ko yaro ya san cewa a cikin iyakar Harami ba a sare bishiyar da ta tsiro da kanta, ba a cire ciyawa, ba a korar tsuntsu. Da wannan aka raine mu. Ina ƙarama na taɓa jifan tattabara da takalmi a tagar gidanmu, har yau ina tuna dukan da na sha. Direban ya ja baya yana istigfari. Abu Rakan ya shafa gemu ya ce, "Sadaƙta, gaskiyarka, ya Hajj. Ni ba zan fara noma da zunubi ba."

Ni kuwa ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima da abayar Umma mai turare.

Marwan ya zagaya katafilar sau biyu yana aune-aune da ido. Ya ce a kwance cebur a ja ta baya. Katanga. Ya ce a kawo motar ɗaga kaya a cire ta ta sama. Lungun ba zai ɗauke ta ba, ga wayoyin wuta. Abu Rakan ya ce a kira malami a ji. Marwan ya kira limamin unguwarsu ya sa a lasifika. Liman ya ce abin da ya sani shi ne, in da kanta ta fito, a bar ta, in kuwa hannun mutum ne ya dasa ta, irin wadda mutane ke dasawa, babu laifi a sare. Sannan ya tambaya, "Wa ya dasa ta?"

Duk muka juya ga Baba.

Ya ce, "Wane mai hankali ne zai dasa bishiya a gaban katafila? Tsuntsayen garin nan ba su da aiki sai yawo da 'ya'yan darbejiya."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma, Allah ya yafe min wautata, na gyaɗa.

Marwan ya tattare farar rigarsa ya durƙusa a gindin bishiyar, wai zai ga yadda saiwar ta tafi. Ya tona ƙasa da hannu, ya tona, sai na ga ya tsaya. Ya ɗan jima a sunkuye. Sannan ya mayar da ƙasar, ya daddanna ta da tafin hannu, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ya ammi," ya ce wa Baba, wato kawu, "a ba ni kwana biyu, ina yi tunani."

Abu Rakan ya ce zai jira zuwa Talata, daga nan akwai wata katafilar da zai je gani a Jidda. Suka tafi da motarsu wayam.

Ko gida ban bari mun kai ba. Ina ajiye Baba a ƙofar masallaci na fara rubuta wa Marwan saƙo da yatsu biyu.

"Tunani? Tunanin me? Injiniya guda, bishiya ɗaya ta gagare ka?"

Na ƙara masa wani.

"Sauran kwana goma sha ɗaya ka tafi. Ko ka manta in tuna maka?"

Ya karanta, bai amsa ba.

"Tayyib. Ka gaida Tabuk. Ka gaida gwauraye."

A gida Umma ta tare ni a bakin ƙofa da fara'arta. Da ta ji labari sai ta zauna a kan kujerar roba ta riƙe haɓa. "Bishiya? Yau ni Ramlatu na ga ta kaina. Mutane 'ya'yansu sadaki ke riƙe su, ni tawa itace." Na shige ɗaki na cire abayar na jefa kan gado, na kwanta ina kallon silin, zuciyata kamar ta fashe don haushi.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Marwan. Na buɗe. Gindin darbejiya ne, ƙasa a tone, ga bakin wani gwangwanin madara ya yi tsatsa, saiwa ta fasa shi ta fita. A jikinsa akwai sauran koren fenti.

Ƙarƙashinsa ya rubuta: "Wannan tsakanina da ke. Ban nuna ma kowa. Ba zan kunyata ammi gaban maza, ko a kan aure. Ke kin fi ni sanin shi."

Na tashi zaune. Na san fentin nan. Ragowar fentin ƙofarmu ne, da shi Umma ta shafe duk gwangwanayen da take shuka a baranda: na na'ana'a, na ɗaɗɗoya, da na wata 'yar darbejiya da ta ciro daga Arfa shekarar da ta yi aikin girki a tantin alhazai. Bara gwangwanin darbejiyar ya ɓace. Umma ta ɗora wa maƙwabciyarmu Mas'uda, wata guda ba sa gaisawa, baiwar Allah tana rantsuwa ana cewa ai ɓarawo ba ya rasa rantsuwa.

Sai jarkoki suka faɗo min. Lagireto! Injin da ya shekara takwas bai tashi ba, wane ruwa yake sha? A Makka, inda ko ƙaya sai ta yi da gaske take rayuwa, darbejiya ta yi kore shar a cikin hoshi, ni da digirina ban tambayi kaina ba. Ashe wata goma sha huɗu ni nake kinkimo ruwa daga hawa na biyu, bayana yana ciwo, ina ban ruwan bishiyar da ta hana ni aure. Da hannuna! Na cusa fuskata a matashi na yi ihu don kada Umma ta ji.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, da na sake juya maganarsa a kaina, sai na ga bai ce ba shi ya dasa ba. Tambaya ya mayar wa liman, ya kuma ba da labarin tsuntsaye. Mutumin da ya sa ni rubuta haihuwar kyanwa a talla don kada albarka ta fita.

Ban gaya wa Umma ba. Da na gaya mata, da har Mina sai an ji muryarta. Na bari sai Lahadi bayan la'asar, na ce wa Baba ya raka ni sayen burodi. A hanya na shirya maganata tsaf, mai ladabi amma mai zafi. Na faka a inuwar wani bene kusa da gidan burodin, na bar injin a kunne, na buɗe hoton na miƙa masa.

"Baba, dubi wannan."

Ya karɓi wayar. Ya kai ta kusa da fuska. Ya nisanta ta. Ya karkata kai gefe, ya kawo ta daidai gefen idonsa na dama. Ni kuma ina cika ina batsewa, a raina ina cewa yau kuma sabon salo, za a ce ba a gane gwangwani ba.

"Mene ne a ciki?" ya ce.

"Haba Baba. Don girman Allah."

"Suhaila, tambayarki nake. Mene ne a ciki?"

Yadda ya faɗa ne ya sa na kalle shi sosai. Wayar a juye take a hannunsa, ƙasa a sama.

"Gwangwanin Umma ne," na ce, muryata ta sauka. "A gindin darbejiya. Marwan ne ya gani, ya mayar da ƙasa ya rufe."

Ya lalubo hannuna ya sa min wayar.

"Ya rufe," ya maimaita. "Ɗan halak ne."

"Baba, idonka..."

"Na hagu ya tafi tun Rajab ɗin bara. Na dama kuma kamar ana kallo ta cikin labule. Katafilar ma ba na ganinta, wani abu nake gani ruwan ɗorawa, sai in taɓa."

"Amma ai kana zuwa masallaci! Kana hawa bene!"

"Matakala ashirin da biyu ce. Masallaci kuma ina bin takun mutane. In muna tare ina bin naki, ke kina jan ƙafar dama in kin gaji."

Jama'a, ni ce fa mai aiki a kantin magani. Ni nake jera masa ƙwayoyinsa a akwatin sati. Da ya ce in riƙa karanta masa saƙo, cewa na yi ƙananan rubutu ne ke ba shi wuya. Da ya daina tuƙi, cewa na yi cunkoson Aziziyya ne ya ishe shi. Da ya miƙa wa Marwan makulli ranar Asabar, cewa na yi girmamawa ce. Haushin da na taho da shi bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai kama tsakanin ni da shi.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Likita fa? Umma ta sani?"

"Likita ya ce in komo da wani nawa. Na ninke takardar. Uwarki ta ɗauka karatu ne kawai ya gagare ni." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Yayyenki ɗaya yana Riyad ɗaya yana Dammam. In na faɗa, zaunar da ni za a yi a ƙurya, a riƙa leƙo ni ana tambayar ya jiki. Ke kaɗai ce kike tafiya da ni ba ki san kina ja na ba."

Na kifa goshina a kan sitiyari.

"Ni na dasa ta," ya ce. "Washegarin zuwan kawunnan yaron. Na ce in samu wata biyu ko uku in saba da duhun, sannan in cire ta in mayar wa uwarki. Wata uku ya yi, na ce a ƙara ɗaya. Haka har ta fi ƙarfin hannu. Jiya kuma da bawan Allah ya ɗauko zancen zarto, bakina ya riga ni. Shekarata sittin da takwas a garin nan, ban taɓa fakewa da hukuncin Allah don son zuciyata ba sai jiya. Shi ne ya hana ni cin abinci tun da muka dawo, ba cinikin ba."

"To ai da ka ce min in dakata, da na dakata."

"Shi ya sa ban ce ba."

Wani mai mota ya yi ta danna mana ƙaho wai mun tare shi. Na ɗaga masa hannu, in da Umma ta ga irin ɗagawar da sai ta ce ba ita ta raine ni ba. Baba ya gyara zaman hularsa, ya dawo da muryarsa ta kullum, ta bayar da umarni.

"Ki gaya wa yaron ya zo da zarto gobe, halal ce a sare. Ki kira Abu Rakan ya turo motarsa. Kawunnan kuma su zo ranar Juma'a bayan la'asar da wanda zai ɗaura. Mas'uda ni zan je in ba ta haƙuri da kaina. Uwarki kuwa ki bar ni da ita, na san ranar da zan faɗa mata."

Abin da na yi wata goma sha huɗu ina roƙo ke nan, a cikin numfashi ɗaya. Na zaci in ranar ta zo guɗa zan yi. Ko burodin ban saya ba, na juya mota.

Da muka iso layinmu na faka inda na saba, na kai hannu zan buɗe ƙofa. Ya ce, "Zauna. Yi kiran da na sa ki. Zan shiga da kaina, gara in fara koyo tun kina nan."

Ya fita, ya rufe ƙofar a hankali, ya tsaya ya daidaita kafaɗa. Ya tafi a miƙe cikin farar jallabiyarsa, ko sanda babu, duk wanda ya gan shi zai ce lafiyarsa ƙalau. Ya hau dakali. Ya wuce ƙofarmu. Ya tsaya a ƙofar gidan da ke gaba da namu, ya zaro makulli daga aljihu, ya fara laluben ramin kwaɗo da ɗan yatsa.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Marwan ne.

"Ha, ya Suhaila? Kin yi magana da ammi? In zo da zarto?"

Na rubuta "Eh". Na ɗaga kai, Baba yana ta gwada makulli a ƙofar mutane, yana juya shi a hankali don kada a ji. Na goge. Na kife wayar a kan kujera na fita da gudu, na rage sauri kafin in kai, na wuce ta gefensa ina jan ƙafar dama da ƙarfi. Ya mayar da makullin aljihu ya biyo ni har muka gama matakala ashirin da biyu.

Yau Litinin. Gobe Abu Rakan zai wuce Jidda. Marwan ya kira sau shida, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban ba shi amsa ba.